Shin tashi cikin daula yana kashe zuciyar nema?

Tsohon_Hedimasta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisu, kowa ya gyaɗa kai a wuce ba tare da an tsaya an auna ta ba, wato cewa ɗan da ya buɗe ido ya tarar da dukiya a gidansu ba ya tashi da zuciyar nema, kuma da wuya ya iya riƙe abin da aka bar masa. Ni ra'ayina ya karkata ga cewa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Na koyar a makarantar gwamnati, na kuma koyar a makarantar kuɗi, kuma abin da na lura da shi shi ne yaron da ya san cewa idan ya faɗi jarrabawa babu mai nema masa wata hanya yana karatu da wani irin naci da ban cika gani ba a wurin wanda direba yake jira a bakin ƙofa. Ba ina nufin 'ya'yan masu hali ba su da ƙwaƙwalwa ba ne, da yawansu suna da ita ƙwarai, sai dai babu abin da yake tsikararsu. Ina so in ji daga gare ku, musamman 'yan kasuwa da iyaye da waɗanda suka tashi a irin waɗannan gidaje: shin wadatar iyaye tana sauya halin ɗa da himmarsa, ko kuwa mu ne muke ganin 'yan kaɗan da suka lalace mu yanke wa sauran hukunci?

Ɗan_Kwari:
Wa alaikumus salam Malam. Mu da muke kasuwa ba labari ake ba mu ba. Attajiri zai rasu ya bar shaguna da sito cike da kaya, kafin a je ko'ina sai ka ji dillalai suna yawo da takardun shago suna neman mai saye, kuma sau da yawa wanda zai saya ɗin yaron shagon marigayin ne, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar dila a ka yana cin abincin rana a bayan kanta. Shi ya san masu kawo kaya, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya san lokacin da atamfa take tafiya da lokacin da take kwantai. 'Ya'yan gidan kuwa ba su san shagon ba sai a matsayin wurin da ake aikawa a karɓo kuɗi. Saboda haka ina bayanka.

Maman_Ilham:
To idan haka ne, yaya za mu yi da Aliko Ɗangote da Abdussamad Isyaku Rabi'u? Su ne manyan attajiran da arewacin Nijeriya ta fitar a wannan zamani, kuma babu ɗayansu da ya tashi a gidan da ake kwana da yunwa. Ɗaya jikan Sanusi Ɗantata ne, ɗayan kuma ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne. Ina ganin muna son labarin ɗan mai kuɗin da ya tsiyace ne kawai saboda yana sanyaya mana rai.

Ɗalibin_Tarihi:
Hajiya ta kawo misali mai kyau, amma idan aka bi tarihin gidan daga tushe za a ga yana ba kowane ɓangare hujja. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifinsa tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akra ta ƙasar Gana ta bar shi a hannun wata tsohuwa, ya yi almajiranci, ya nemi abin da zai ci da guminsa. Daga baya ya shiga fataucin goro, sannan da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. Har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929, kuma da ya rasu a 1955 shi ake ɗauka mafi arziki a Afirka ta Yamma. Wannan ɓangaren labarin yana goyon bayan Malam Hedimasta. Amma 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu cikin wadata suka tashi, ba su kuma watsar da abin ba. Aminu ya shiga aikin kamfanin gidan yana matashi a matsayin mai sayen amfanin gona, ya karɓi ragamarsa a 1960, ya rasu a 2025 yana attajiri. Aliko kuwa, wanda aka haifa a 1957, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun kakansa Sanusi, kuma jarin da ya fara da shi a 1977 rance ne daga dangin mahaifiyarsa, ba kyauta ba. Shi ma Abdussamad, lokacin da gwamnatin soja ta tsare mahaifinsa a 1984, shi ya riƙe harkokin gidan yana da shekara 24, kafin ya kafa kamfaninsa na BUA a 1988. Abin da nake gani a waɗannan gidaje shi ne an ɗora wa yaran nauyi na gaske tun da wuri, irin nauyin da idan ka yi sakaci asarar take bayyana a littafi.

Zangon_Kumasi:
Ina da ɗan ƙari a kan maganar Ɗalibin_Tarihi. Ko shi Alhassan ɗin, bai kamata a ɗauke shi a matsayin wanda ya fito daga babu ba. Daga cikin Agalawa yake, wato zuriyar fatake da aka sani da kasuwancin nesa, mahaifinsa bafatake ne, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce da ta zauna a Akra. A fataucin goro na wancan zamani abin da ya fi jari wuyar samu shi ne mai masaukin da zai yarda da kai a zango, ya ajiye maka kaya, ya tsaya maka a ba ka bashi, kuma wannan yardar sunan gidanku ne yake jawo ta. Saboda haka ko da bai tarar da kuɗi a ajiye ba, ya tarar da hanya a buɗe. Mu a nan zangunan Gana har yanzu muna ganin haka a cinikin shanu da na hatsi, inda tambayar farko da ake yi wa baƙo ita ce shi ɗan wane ne.

Akanta_Zariya:
Bari in kawo abin da aka auna da alƙaluma, ko da yake daga Amurka ne kuma yanayinsu ba irin namu ba ne. Andrew Carnegie, wanda ya fara aiki a masaƙa yana yaro ana biyansa dala 1.20 a mako, ya kuma sayar da kamfaninsa na ƙarfe a 1901 a kan dala miliyan 480, yana da ra'ayi irin na Malam Hedimasta, cewa uban da ya bar wa ɗansa dukiya mai yawa yakan dakushe basirarsa da kuzarinsa. Shi ya sa ya rabar da mafi yawan abin da ya tara, ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500. A 1993 wasu masana tattalin arziki uku suka gwada maganarsa da takardun harajin magada, suka gano cewa yiwuwar barin aiki ga wanda ya gaji fiye da dala 150,000 ta ninka ta wanda ya gaji ƙasa da dala 25,000 kusan sau huɗu. Wannan game da himma ke nan. Idan aka koma ga nasara kuwa, alƙaluman suna juyawa. Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa na 2014 ya nuna cewa idan aka kasa gidaje kashi biyar bisa abin da suke samu, yaron da aka haifa a kashin ƙasa damarsa ta kaiwa kashin sama kashi 7.5 cikin 100 ce kacal, alhali fiye da ɗaya cikin uku na waɗanda aka haifa a kashin sama a can suke tabbata. Wato yana yiwuwa ɗan mai kuɗi ya fi ɗan talaka kasala, kuma duk da haka ya fi shi abin hannu. Hausawa ma sun ce samu ya fi iyawa.

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Ina ba Malam Hedimasta haƙuri, domin ya girme ni kuma malami ne, amma maganar nan cewa wahala tana gina mutum, waɗanda suka tsira daga wahalar ne suke yin ta. A ajinmu na sakandare akwai yaran da suka fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, waɗanda ba su zauna jarrabawar WAEC ba saboda iyayensu ba su iya haɗa kuɗin ba. Wani yana tura baro a yanzu, wani ya tafi cirani kudu an daina jin ɗuriyarsa. Naci ba su rasa shi ba, ina iya rantsuwa a kan haka. Ɗan_Kwari ya ba mu labarin yaron shagon da ya sayi shagon ubangidansa, to yaran shago nawa ne suka tsufa suna ɗaukar dila ba a sallame su da ko sisi ba? Su ba a ba da labarinsu a majalisa.

Sannan batun hali. Talauci ma yana ɓata hali, kuma ɓatawarsa ba ƙarama ba ce. Mutumin da ya tashi bai taɓa ƙoshi ba, idan ya samu dama a ofis ko a kasuwa, sau da yawa sai ka ga handama da babakere kamar za a ƙwace gobe, domin tsoron komawa gidan jiya bai bar shi ba. Na yi aiki da masu motoci iri-iri, kuma waɗanda suka fi cin mutuncin bakanike a kan kuɗin aiki ba lallai ne 'ya'yan tsofaffin gidaje ba, sau da yawa sababbin shiga arziki ne.

Tsohon_Hedimasta:
Babu laifi ɗana, muhawara ake yi. Na yarda da abin da ka faɗa game da waɗanda talauci ya danne, na ga irinsu da yawa, wasu ma mun haɗa musu kuɗin jarrabawa a ɗakin malamai. Amma tambayata ba a kan wanda ya fi samu a ƙarshe take ba, wannan Akanta ya amsa ta. Ina magana ne a kan abin da yake cikin ƙirji. Idan ka ɗauki yara biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya ka ba su dama ɗaya, wane ne zai fi riƙe ta da hannu biyu? Har yanzu ina ganin ɗan talakan ne.

Abu_Sumayya:
Da sunan Allah. Ina ganin tarihin magabata bai bar mu mu yanke hukunci ɗaya ba. Mus'ab ɗan Umair ya tashi yana cikin samarin Makka da suka fi kowa gata da tufafi da turare, amma shi aka zaɓa aka tura Madina ya koyar da mutane Alƙur'ani, kuma da ya yi shahada a Uhudu mayafin da aka samu bai isa ya rufe shi duka ba, idan an rufe kansa ƙafafu su fito, har aka rufe ƙafafun da ciyawa. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Umar ɗan Abdul'aziz ɗan gwamnan Masar ne, a cikin daula ya girma, amma mahaifinsa ya tura shi Madina karatu a hannun malami, kuma an ruwaito cewa wata rana ya makara salla saboda ana gyara masa gashi, da labarin ya kai ga mahaifinsa sai ya aiko aka aske gashin. Wannan yaron shi ne ya zama halifan da ake misali da gudun duniyarsa.

Alƙur'ani ya faɗi haɗarin a Suratul Alaƙ, cewa mutum yana ƙetare iyaka idan ya ga ya wadatu. Amma a Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, an ba da tsari: kada a miƙa dukiya ga wanda ba shi da hankalin sarrafa ta, kuma a riƙa jarraba marayu har su isa aure, sai an ga shiriya a tare da su sannan a ba su dukiyarsu. Malamai sun yi bayanin jarrabawar da cewa a ba yaro ɗan abu ya juya a ga yadda zai yi. Idan an umarci waliyyin maraya da haka a kan dukiyar da ta riga ta zama ta marayan, ina ga uban da yake raye yana miƙa wa ɗan shekara 18 makullin mota ba tare da ya taɓa jarraba shi da komai ba? A ɗaya ɓangaren kuma, kada wani ya ɗauki hanyar Carnegie ya ce zai hana 'ya'yansa gado don su yi zuciya, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya taƙaita wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas wasiyya a kan sulusi, ya kuma ce masa barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane.

'Yar_Nasarawa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an nemi jin ta bakin waɗanda suka tashi a irin waɗannan gidaje, ga abin da na sani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya ƙasar rabin shekara, mahaifiyarmu kuma hidimar baƙi da dangi ba ta ƙarewa, saboda haka direbobi da masu aiki ne suka yi mana rabin tarbiyya, kuma mai aiki ba zai iya tsawata wa ɗan maigida ba domin yana tsoron abincinsa. Yayyena maza ba wanda ya taɓa ce musu a'a sai ranar da abin ya riga ya yi nisa. Wannan shi ne sangartar da ake magana, kuma rashin mai kwaɓa ne ya kawo ta.

Akwai kuma abin da mutane ba sa gani. Duk abin da na yi a rayuwa, daga sakamakon jarrabawa har aikin da nake yi yanzu, sai an ce ai 'yar wane ce. Idan ka ci nasara ta mahaifinka ce, idan ka faɗi kuwa taka ce kai kaɗai, har a riƙa nuna ka ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wasu daga cikinmu wannan yana sa su ninka ƙoƙari, wasu kuma su ga babu amfanin gwadawa tunda ba za su taɓa kamo uban ba. Ban faɗi haka don a tausaya mana ba, na san wanda bai ci abincin dare ba damuwarsa ta fi tamu.

Malama_Bilkisu_BUK:
Abin da 'yar'uwa ta bayyana ya yi daidai da binciken Suniya Luthar, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, wadda ta tarar da yawan damuwa da shaye-shaye a tsakanin matasan unguwannin masu kuɗi, ta kuma danganta shi da matsin lambar sai sun yi fice da kuma nisan da ke tsakaninsu da iyayensu. Amma ina so in taɓa maganar Malam Hedimasta ta abin da yake cikin ƙirji, domin ba na jin an haifi wani da haƙuri ko naci a rufe. Akwai gwajin da Walter Mischel ya yi a Jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa yaro alewa ɗaya a ce idan ya jira za a ƙara masa ta biyu, aka kuma daɗe ana cewa masu jira su ne suke yin nasara idan sun girma. A 2018 aka sake nazarin da yara fiye da 900 daga gidaje mabambanta, sai aka ga idan an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, mafi yawan bambancin yana raguwa. A Jami'ar Rochester kuma an fara yi wa wasu yara alkawari aka cika, wasu aka saɓa musu, sannan aka kawo alewar. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Yaron da ya saba ganin abin da aka ce za a kawo gobe ba ya zuwa, hankali ne ya sa yake cinye na hannunsa yanzu. Saboda haka gidan da yake da kwanciyar hankali yana iya koya wa yaro jira da dogon tsari fiye da gidan da ake neman na yau a yau.

Maman_Ilham:
Na gode Malama. Ni ma abin da nake so in ce ke nan ban samu kalmomin ba. Kuma a ƙara da cewa ɗan mai hali yana iya karyewa sau biyu ko uku a kasuwa a sake ɗaga shi, ɗan talaka kuwa karaya ɗaya ce ta raba shi da jarin har abada. Ko attajirin Amurka Jeff Bezos da ake ta misali da shi, iyayensa sun zuba kusan dala 250,000 a kamfaninsa na Amazon a 1995. Wanda ya san akwai mai tare shi dole ya fi ƙarfin halin gwada sabon abu.

Lauya_Gyaɗi_Gyaɗi:
Ina so in koma kan shagunan da Ɗan_Kwari ya ce ana sayarwa, domin ina ganin ana ɗora wa halin 'ya'ya laifin da wani ɓangarensa na tsari ne. Attajiri yana da mata huɗu da 'ya'ya 25, kasuwancin duka a kansa yake, ba rajistar kamfani, ba rubutaccen lissafi, bashin da yake bi da wanda ake binsa duk a ƙwaƙwalwarsa suke. Ranar da ya rasu, masu binsa za su zo da takardu, waɗanda yake bi kuwa su yi shiru. Abin da ya rage a fitar wa mata tumuni, a raba sauran, kowane ɗaki yana zargin ɗayan, sai a ga mafita ita ce a sayar da komai a raba kuɗi. Jarin da yake iya cika tirela idan yana dunƙule, idan aka kasa shi 25 ba zai iya riƙe ko shago ɗaya a layi mai kyau ba. Ko da yaran duka haziƙai ne, kasuwancin ya riga ya mutu.

Abu_Sumayya:
Barista, a yi hattara da yadda ake faɗar wannan, kada wani ya fahimci cewa rabon gado na shari'a ne yake karya dukiya.

Lauya_Gyaɗi_Gyaɗi:
Allah ya gafarta Malam, ba haka nake nufi ba. Shari'a ta ƙayyade rabon kowa, amma ba ta ce sai an rushe shago an sayar da kanta ba. Idan kasuwancin kamfani ne mai rajista, hannun jari ake rabawa bisa ƙa'idar gado, namiji ya samu rabon mata biyu kamar yadda aka sani, kamfanin ya ci gaba da aiki, kowa ya riƙa karɓar ribarsa, wanda yake son fita ya sayar wa 'yan'uwansa. Gidan Ɗantata da aka ambata ai da sunan kamfani suka ci gaba bayan 1955.

Ɗan_Maraɗi:
A wurinmu a Maraɗi tsofaffin alhazai suna cewa arzikin mutane ya fi arzikin kuɗi, kuma da shi ake auna girman ɗan kasuwa: yaransa nawa, su wa yake iya aikawa Kwatano ko Kano da kaya ya kwanta ya yi barci. Abin da nake gani yanzu shi ne alhaji ya tura ɗansa karatu Faransa ko Maroko, yaron ya dawo da ilimi mai kyau, amma bai san mutanen mahaifinsa ba, su ma ba su san shi ba, yana jin nauyin zama a kan tabarma da su, su kuma suna ganin yana yi musu girman kai. Ba malalaci ba ne, yana iya kwana a kan kwamfuta yana aiki, sai dai abin da ya riƙe dukiyar, wato mutanen, bai gaje shi ba.

Injiniya_Bauchi:
Akwai bambancin da ba a yi ba tun farkon zancen nan, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Ba duk gidan kuɗi ne iri ɗaya ba. Yaron da mahaifinsa ɗan kasuwa ne ko manomi ko mai masana'anta yana ganin fitar asuba, yana jin ana maganar riba da faɗuwa a kan tabarmar cin abinci, ya san akwai shekarar da kaya suka yi kwantai aka rage cefane. Yaron da mahaifinsa ma'aikaci ne mai albashin da kowa ya san iyakarsa, amma gidaje da motoci suna ta shigowa, shi ma yana koyon darasi, kuma darasin shi ne dukiya ba ta da alaƙa da aiki, alaƙarta da kujera ce da sanin manya. Yara ba su da wauta, suna lissafi. Yawancin waɗanda muke gani suna tseren mota a titi ko suna liƙa kuɗi a biki har a tattake, idan ka bincika ba 'ya'yan masu sito ba ne. Don haka ni tambayar da zan yi kafin in ce komai a kan ɗan mai kuɗi ita ce ta wace hanya ya ga kuɗin suna shigowa.

Ɗalibin_Tarihi:
Maganar Injiniya ta tuna mini da masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406. Shi a ganinsa ɗaukakar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba: na farko ya gina ya san wahalar ginin, na biyu ya gani da idonsa ya koya daga uban, na uku ya ji labari yana kwaikwayo, na huɗu kuwa yana zaton girman haƙƙinsa ne na jini, sai ya raina mutanen da suka riƙe gidan su watse. Wannan ya haɗa maganar Injiniya da ta Ɗan_Maraɗi. Game da hali kuma, a tuna cewa Umaru Musa 'Yar'aduwa ɗan Matawallen Katsina ne kuma ɗan ministan jamhuriya ta farko, amma koyarwa ya zaɓa, ya bi jam'iyyar PRP lokacin da mahaifinsa yake jigo a jam'iyyar NPN, kuma da ya zama shugaban ƙasa a 2007 ya bayyana kadarorinsa a fili. Dokta Yusufu Bala Usman jikan Sarkin Katsina Dikko ne, amma a Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙare rayuwarsa yana sukar masu mulki yana kare talakawa.

Akanta_Zariya:
Sai dai lissafin Ibn Khaldun bai zauna daidai a kan misalin da muka fara da shi ba. Alhassan, Sanusi, Hajiya Mariya (mahaifiyar Aliko), Aliko: na huɗun ne ya gina matatar mai ta ganga 650,000 a rana a Legas.

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Duk misalan nan na mutanen kirki daga manyan gidaje ban musa ba. Amma ku lura, ɗan babban gida idan ya zaɓi sauƙin kai yabonsa ake yi har a rubuta a tarihi, ɗan talaka kuwa sauƙin kai dole ne a gare shi, ba wanda zai yaba masa. Ko a nan ma ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Hajiya_Yalwa:
Ni tsohuwa ce a cikinku, jikata ce take rubuta mini. A zamaninmu masu hali da sarakuna sun san wannan matsala, shi ya sa ake ba da riƙo. Ɗan fari musamman ba ya tashi a gaban iyayensa, ana kai shi wurin kawu ko gwaggo ko wani malami, inda zai yi shara ya ɗebo ruwa ya ci abin da kowa yake ci, kuma idan ya yi laifi a hukunta shi ba mai cewa don me. Riƙo yana da nasa zaluncin, na ga yaran da aka wahalar a gidan da ba a ƙaunarsu, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu an bar shi gaba ɗaya ba a kawo wani abu a madadinsa ba, har malamin makaranta ma idan ya tsawata wa yaro sai uban ya zo da faɗa.

Ɗan_Kwari:
Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da nake yi shi ne duk hutun makaranta babban ɗana yana shago, kuma ba a kujerata yake zama ba. Yana ƙarƙashin babban yarona, shi yake aikensa, shi yake yi masa faɗa, kuɗin abincin da ake ba sauran shi ake ba shi. Na ba shi 'yan yadudduka ya juya da kansa, ya ba wani abokinsa bashi ba a biya ba, na kuma ƙi cike masa gurbin. Mahaifiyarsa tana ganin takurawa ce, tana cewa sa'o'insa suna zuwa Dubai hutu, har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba. Maganar Barista ta rajistar kamfani kuma zan so ƙarin bayani, musamman yadda ake yi da shagon da haya ne ba mallaka ba.

'Yar_Nasarawa:
Alhaji, ka ambaci babban ɗanka, to 'yan matan fa? Na tambaya ne domin a gidanmu mu mata ba a taɓa nuna mana ko littafin lissafi ba, an ɗauka aure za mu yi. Da aka raba gado, rabon wasu daga cikinmu a hannun mazajensu ya narke, wasu kuma suka ba yayye maza su juya musu, ba uwar kuɗi ba riba, kuma ba a iya kai ɗan'uwa ƙara. Duk muhawarar nan tun daga farko a kan 'ya'ya maza ake yin ta, alhali a gidaje da yawa matan sun fi yawa, kuma abin da ya faɗa hannunsu idan aka haɗa ba kaɗan ba ne.